Rabin Allo Baƙi, Rabi Fari

Litinin, 6 ga Nuwamba
Kwana tara da binne mijina Crispin. Dakta Ellwood, ma'ajin kwaleji, ya zo shan shayi, ya cinye biskit ɗin da ke faranti kaf kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Wai al'ada ce idan shugaban kwaleji ya rasu a zana tambarinsa a babban allo, a rataya bisa ƙofar shiga shekara guda, sannan a kai shi coci. Bayan tambarin rabi baƙi ne, na wanda ya tafi, rabi fari, na wanda aka bari. Suna son in ba mai zane aron zoben Crispin, don a jikinsa tambarin yake.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ashe dai za a tuna an bar wani.

Alhamis, 9 ga Nuwamba
Wauta ta ci ni. Farin ba nawa ba ne. Na kwaleji ne, zalɓe uku a kan shuɗi, irin wanda ke jikin cokulanmu da hular mai gadi. Ellwood ya yi mini bayani a hankali kamar yana lallashin yaro: a ƙa'idar tambari shugaba da kwalejinsa ake haɗawa a garkuwa ɗaya, shi ya rasu, ita tana nan. Ni kuwa gidanmu ba mu da tambari. Ubana burodi yake gasawa a garin Hull.

Na ce zan yi tunani kan zoben. Yana cikin aljihun rigar sanyina, kuma nan zai zauna.

Asabar, 11 ga Nuwamba
Shekara talatin da huɗu muna da aure. Ni na san yadda yake son ƙwansa, ni na zauna gefen gado a asibiti. Amma wai zalɓe ne aka bari da takaba.

Talata, 14 ga Nuwamba
Na fara ɗaure littattafai, tunda dole in bar gidan shugaba kafin bikin Ista. Na tuna shekarar da aka naɗa shi, da ya je Landan aka yi masa tambarin nasa. Ya dawo yana murmushi, ya miƙo mini hannu in duba zoben. Na leƙa, na ga wani dogon abu mai faɗin kai. Filafilin tuƙa kwale-kwale mana. Mutumin da ya yi tseren kwale-kwale sau biyu yana saurayi, ya shekara arba'in yana ba da labarin. Na ce masa ɗan malamin firamare da tambari, sai ka ce kaza ta samu takalmi. Ya yi dariya, ya sa hannun a aljihu. Bai ƙara nuna mini ba, ni ma ban ƙara dubawa ba.

Duk kwaleji filafili suke ce masa. Har ɗalibai sun yi masa waƙa a kai.

Juma'a, 17 ga Nuwamba
Na kai zoben. Ba don Ellwood ba, don na gaji da jin sa yana bugun cinyata. Mai zanen, Mista Tunnicliffe, tsoho ne mai tari, shagonsa duk warin fenti. Ya ce in dawo mako mai zuwa in ga zanen kafin ya sa launi. Ban ce zan dawo ba.

Juma'a, 24 ga Nuwamba
Na koma karɓar zobena ne kawai.

Allon ya fi ni tsawo. Ya zana komai da alli. Ya ce da gilashin ƙara girma ya yi aikin, kuma akwai abin da ya ɗaure masa kai.

"Uwargida, me ya haɗa maigidan da masu burodi? Kowa filafili, filafili. Ni dai ban taɓa ganin filafili ɗauke da burodi uku ba."

Na duba. Katakon nan ne mai dogon hannu da ake tsamo burodi da shi daga tanda. Ga ƴar hudar da ake rataye shi a ƙusa. Ga dunƙulen burodi uku, kowanne da tsaga a ka, yadda Baba yake yi. Irin katakon nan ne a jingine bayan ƙofar shagonmu ranar da Crispin ya fara shigowa, ruwan sama ya jiƙa shi, ya sayi burodin da ba ya buƙata.

Sai da Tunnicliffe ya kawo mini kujera. Na ce masa ƙura ce ta shiga idona, shi kuma ya yi kamar ya yarda.

Lahadi, 26 ga Nuwamba
Shekara goma sha ɗaya yana yawo da ni a yatsa, yana jira in duba. Kai ma dai, Crispin, da bakinka. Na ji haushinsa yau fiye da duk wani haushi da na ji yana da rai, kuma ba wanda zan yi wa faɗa.

Juma'a, 8 ga Disamba
An rataya allon da safe. Ellwood ya ɗaga kai ya ce filafilin ya fito da kyau, na ce ƙwarai. Zalɓen suna can a farinsu, su suka sani. Burodin yana ɓangaren baƙi, wajen Crispin.

Launinsa ya ɗan yi haske, Baba zai ce bai gasu ba. Na bi ta ƙofar sau uku yau, ko da yake hanyar lambu ta fi kusa da kasuwa.