Baƙar Motar Likita

Litinin, 6 ga Oktoba

Yaya ya yarda! Gobe zan riƙe injin goge fenti. Ba don daɗina ba ne, na sani. Hannunsa na dama na cikin filasta tun da babur ya kayar da shi, ga motar Likita a gareji, ya yi mata alkawarin Asabar. Motar marigayi mijinta ce, baƙa, ta daɗe a rufe cikin tamfol. Da ita take so ta kai ɗansu bikin kammala jami'a. In Yaya ya mayar da aikin, shi ke nan, garejin gaba za ta koma, har da ƙawayenta. Umma ta ce, "Auta da inji? Wadda ko guga ba ta yi sai ta ƙona riga?" Bari ta gani.

Talata, 7 ga Oktoba

Ko taɓa injin ban yi ba. Tef! Yini guda ina manna tef ɗin takarda. Robar gefen gilashi, fitilu, hannun ƙofa, tambarin gaba, duk wata baƙar roba. Yaya na zaune kan tsohuwar taya yana nuni da haɓa: "Ya karkace, ɓare." Na ce wai ni aikin mota na zo ko naɗe kyautar amarya? Ya ce soson injin ba ya da ido, abin da ya tarar shi yake ci, kuma a kan gefuna fenti ya fi siriri, nan da nan sai ka ga farin da ke ƙarƙashin fentin ya leƙo.

Da na gama motar ta koma kamar mai jinya, duk bandeji. Na ɗauke ta hoto.

Laraba, 8 ga Oktoba

Wayyo daɗi! Injin yana da nauyi, yana ja kamar akuya a igiya. Da farko ya kusa ƙwacewa, man goge fentin ya fantsamo mini har a goshi. Yaya ya ce, "Sassauta, kar ki danne, bi shi a hankali." Na bi. Da na share wurin da tsumma sai ga fuskata a ƙofar mota, har da ɗigon man! Na yi ihu, sai da mai facin taya ya leƙo ko wuta ce ta ja ni.

Kafaɗuna kamar ba nawa ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na yi ɓarna. Yaya ya tafi asibiti a duba hannun, tef ya ɓare a bamba ta baya, na ce ɗan wurin nan ai zan iya kaucewa. Ban iya ba. Soso ya shafi baƙar robar, ta yi fari fat. Da ya dawo ya durƙusa ya daɗe yana dubawa, ni kuwa ina ta salati a zuci. Sai ya ce, "Kin yi sa'a roba ce. Da gefen ƙofa ne, sai dai sabon fenti." Ya miƙo mini tsohon burushin haƙori da sabulu. Har la'asar ina durƙushe. Farin ya fita, alhamdulillahi.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Bonet. Da kaina na ƙara siririn tef a kan layin da ya taso a tsakiya, ba wanda ya ce in yi. Yaya ya gani, ya yi kamar bai gani ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Likita ta zo da wuri, tef duk yana jikin motar! Yaya ya fara ba da haƙuri, ta ce ba komai, za ta jira. A gabanta na ɓare, sannu-sannu, ina jan shi baya kamar yadda aka koya mini. Ina ɓarewa motar na fitowa. Roba baƙa wuluk, fenti kamar ruwa, layi tsaf. Muka turo ta rana.

Likita ta ɗora tafin hannu a kan bonet. Can ta ce, "Haka take ranar da ya shigo da ita gida." Ta juya tana gyara mayafi. Ni ma sai na kama tattara tef a ƙasa.

Ta tambayi Yaya yadda ya yi da hannu ɗaya. Ya nuna ni da filastar: "Ƙanwata ce." Na kusa tashi sama!

Talata, 14 ga Oktoba

Na yanke farce, har ƙasa. Zafi ne kawai ya dame ni, ba wani abu ba. Na kuma kai wa tela yadi mai kauri, doguwar riga mai aljihu babba a gaba. Umma ta tambaya aljihun na mene ne, na ce na waya.

Ɗazu wayar gareji ta yi ƙara, Yaya na alwala, na ɗauka. Wata mata, wai Likita ce ta ba ta lamba, tana neman mai goge mota.

Na ce ni ce.