Na Taɓa Kwamfutarki

Ƙofar Marusa, Katsina
Asabar

Zuwa ga Malama Safiya, uwar Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin Inna? Ina fatan ƙafar ta fara kai ta ko da bakin ƙofa ne. Ya gajiyar jinya? Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai kewa. Tun da garin naku har yanzu babu sabis, na ba Lado direba wannan takarda.

Bayan haka, cikin alhini da sallamawa ga ƙaddara nake sanar da ke cewa intanet ɗin kwamfutarki ya kwanta rashin lafiya ranar Alhamis bayan la'asar. Bai rasu ba. Yana numfashi, yana buɗe ido, amma ba ya gane kowa. Jiya na danna shafin jami'arku, na je na yi alwala, na yi sallah har da nafila, na dawo na tarar da 'yar da'irar nan tana ta juyi kamar akuyar da aka ɗaure a turke.

Na kai maganar majalisa, inda ba a taɓa rasa malamai ba. Alhaji Mamman, wanda har yau jikansa ke buɗe masa saƙon waya, ya yanke hukuncin cewa hadari ne ke tare sabis, in jira kaka. Wani ya ce kwanon da maƙwabcinmu ya yi sabon rufi da shi ne. Ni dai na ɗora laifin a kan kamfanin layi, don su ne ba su nan balle su kare kansu.

Na san abin da ke ranki. Alhamis mai zuwa da ƙarfe goma na safe za ki zauna gaban wannan kwamfuta ki kare kundin digirinki na biyu, malamai uku suna kallonki daga ƙasar waje. Ban manta ba cewa an ɗage miki sau ɗaya saboda faɗuwar Inna, kuma sun rubuto cewa ba za a sake ɗagewa ba. Ki kwantar da hankalinki. Mutumin da ya shekara ashirin da uku yana koyar da tarihin faɗuwar dauloli ba zai gagara tayar da kwamfuta ɗaya ba. Roƙona guda, kada ki kawo mini sunan ƙaninki a wannan magana.

Ki gaishe da Inna da kyau, da duk mutanen gidan.

Mijinki,
Hashimu

Litinin

Uwar Rabi,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya. Na ji daɗin jin Inna ta fara cin tuwo. Allah ya ƙara sauƙi.

Amsarki ta iso. Na buɗe ina zaton shafi biyu, sai na tarar da layi biyu: mi na taɓa, kuma in kai wa ƙaninki Sagiru. Malaman da za su yi miki tambayoyi ranar Alhamis, ina tausaya musu.

To, ga abin da na taɓa. Kin san tun kafin ki tafi kwamfutar ke roƙon a sabunta babbar manhajar da ke tafiyar da ita, ke kuma kullum kina danna mata "sai an jima". Ranar da za ki hau mota kin ce mini kada a taɓa ta sai kin gama. Na ji. Amma ranar Alhamis na buɗe ta don in buga jarrabawar 'yan aji uku, ta sake roƙo, sai na ce a raina ai amarya ba ta zuwa ɗakinta da tsohon zane. Na so ki dawo ki same ta tana walƙiya, ki ce Malam ya kyauta. Na danna. Ta yi awa biyu tana mutuwa tana farfaɗowa, ta tashi da sabuwar fuska mai kyan gaske. Tun daga lokacin take rarrafe.

Kamfanin layi ba su da laifi, kuma na san haka tun lokacin da nake rubuta miki waccan takarda. Wayata da ta Rabi suna jan intanet daga rauta ɗaya da kwamfutar, wato akwatin nan na falo mai raba sabis, kuma gudu suke kamar an koro su. Kwamfutar ce kawai.

Ba zaune na yi ba. Na kashe ta na kunna ya fi sau goma. Na kashe rautar na kunna. Na ɗora ta a kan taga, na ɗora ta a kan firji, na riƙe ta sama da hannu kamar mai addu'ar roƙon ruwa, Rabi tana leƙe tana dariya a ɓoye. Na canza layi. Na karanta bayanai a waya har idona ya yi ja, kowane gwani yana ƙaryata ɗan'uwansa. Wani ya rubuta cewa nauyi ne ya yi wa kwamfutar yawa, a share tarkace. Na sami wani ƙaton kaya mai suna tsohon tsari, ya cinye wuri, na share shi. Kundinki yana nan, na duba sau uku, har na kwafe shi a filashi na sa a aljihun rigar da nake sallar Juma'a da ita.

Yau da hantsi na gwada kiran bidiyo da Bashir ɗanmu a Zariya. Fuskarsa ta daskare, baki buɗe, muryarsa na zuwa guntu-guntu, sannan ya ɓace. Sau huɗu. A na huɗun ban yi dariya ba. Na zauna ina kallon kujerarki, ina tuna shekara ukun da kika yi kina dawowa daga aiki a asibiti da kumburarrun ƙafafu ki zauna nan ki yi ta rubutu, abinci na hucewa a gefe. Na ga fuskarki ce ta daskare haka a gaban mutanen can, suna jira, suna duba agogo. Safiya, ban iya cin abincin rana ba.

Maganar Sagiru kuwa, kin san inda take. Shekara huɗu ke nan tun ranar sunan ɗansa na fari, da na ce a gaban jama'a ya bar jami'a ya koma ɗaure kusoshi. Wasa nake, irin na miji da ƙanin mata, amma ba wanda ya yi dariya, shi ma bai yi ba. Tun daga nan gaisuwarmu ba ta wuce ta zaman makoki. Da wane baki zan shiga shagonsa na gyaran waya da kwamfuta?

Zan ƙara gwadawa yau. Ki sa ni a addu'a, in kina da sauran wadda ba ki yi fushi da ita ba.

Naki,
Hashimu

Talata

Malama,

Assalamu alaikum. Ya Inna, ya ƙarfin jikinta? Ya naki jikin? Allah ya saka miki da alheri.

Gwajin jiya bai haifi komai ba. Da safen nan na naɗe kwamfutar a cikin sallaya, na tari ɗan acaɓa zuwa Ƙofar 'Yandaka. Na wuce shagon sau biyu kamar mai neman wani gida daban.

Shagon ya fi yadda na zata. Mutum biyar na tarar a kan benci, har da wani Bafulatani dattijo da ya kawo wayar da saniya ta taka. Sagiru ya ɗago ya gan ni, ya miƙe, ya gaishe ni da Yaya kamar jiya muka rabu, ya ba ni kujerarsa. Amma bai tsallake layi ba. Na jira bayan mai saniya, kuma na ga dacewar hakan.

Da ya buɗe ta, tambayarku ɗaya: mi na taɓa. Na faɗa masa duka. Ya ce na'urar da ke kamo intanet a cikin kwamfutar tana da 'yar manhajar da ke tuƙa ta, su a sana'arsu direba suke ce mata, kuma tsohon direban bai san sabuwar hanya ba. Ga shi kuma sabon tsarin bai gama kwaso ragowar kayansa ba, yana ta jan intanet a ɓoye. Ya ce abu ne mai sauƙi, ai cikin kwana goma na farko ana iya komawa tsohon tsari da danni ɗaya. Ya duba, ya sake dubawa, sannan ya tambaye ni a hankali ko wani ya yi shara. Na ce wani ya yi. Ya ce to wannan wanin ya ƙone gadar da za a koma ta kanta, Allah ya shirye shi. Mai saniya, da ya tsaya shan inuwa, ya ce amin.

Ya nemi sabon direba wajen masu ƙera kwamfutar, babu, ta tsufa sun daina yi mata. Ya ce zai iya goge komai ya sake ɗora tsohon tsari, amma ba zai yi wa kayan Yaya Safiya wannan kasadar ana saura kwana biyu ba. Na tambaye shi ko shi ke nan. Ya ce shi mai ɗaure kusoshi ne kawai, amma zai gwada. Bai kalle ni ba da ya faɗa. Na so ƙasa ta tsage.

Ya rufe shago da rana tsaka, ya goya ni a babur ɗinsa har gida. Ya dakatar da kwashe-kwashen da kwamfutar ke yi a ɓoye sai bayan sati biyu. Sannan ya ciro wata shuɗiyar waya mai tsawon kamu huɗu, ya soka kai ɗaya a rauta, ɗaya a gefen kwamfutar, a wani rami da ban taɓa lura da shi ba. Muka kira Bashir. Minti hamsin muna magana, har hira ta ƙare muka koma tambayarsa kuɗin tumatir a Zariya, ko sau ɗaya bai daskare ba.

Ga yadda abin yake, ba ƙari. Kwamfutar ba ta warke ba, sanda aka ba ta. In an zare wayar, rarrafe za ta koma. Don haka a falo za ki zauna, kusa da rauta, ba a ɗakinki ba. Na sauke kalandar bango, na matsar da tebur. Sagiru zai zo ranar Alhamis tun takwas da tasa kwamfutar da batirin ajiya, ya zauna a zaure har ki gama, ko da wuta za ta ɗauke. Duk da haka hankalina ba zai kwanta ba sai kin gwada da hannunki. Ki daure ki biyo motar Lado ta farko gobe, kada ki jira ta yamma. Rabi za ta zo a motar da ta kawo miki wannan, ta kwana biyu wajen Inna.

Na hana shi tafiya sai da ya ci abinci. A bakin ƙofa na fara yi masa wani dogon jawabi mai karin magana, ya tada babur ya ce in ajiye na ba ɗalibai. Sai na faɗa masa a gajarce, kuma ke ma ga naki: kin ce kada in taɓa, na taɓa. Kuskurena ne, a kan kwamfutar da kuma a kan ƙaninki. Ki yafe mini.

A gaishe da Inna. Allah ya kawo ki lafiya.

Mijinki,
Hashimu