Hular Tanko

Daren Cika-ciki, watan Muharram, Malumfashi.

Yau ranar wasan taubasai ce, ni kuwa nawa taubashin yana kwance a ƙasar da ban taɓa takawa ba. Da la'asar wani falke ya yi sallama a gidan Gwaggo, ya ce ɗanta Tanko ya rasu can wajen Zamfara. Harbin kibiyar da ya samu a cinya wajen yaƙi ne ya ruɓe. Baƙi ne suka yi masa sutura.

Mata suna ta kuka, ni ina tsaye ina kallon kaji. Gwaggo ta ce, "Kai Audu, dutse ne a ƙirjinka? Ko ɗigon hawaye ba za ka yi wa ɗan'uwanka ba?" Wallahi na nema, ban samu ba.

Falken ya miƙo mini ƙunshin fata. "Ya ce a ba shaƙiyyin taubashinsa, kada kowa ya kwance sai shi."

Hularsa ce ta saƙi. Na sa a kai. Kafin in kai zaure, kaina ya ɗauki ƙaiƙayi kamar wuta. Karara ce Tanko ya barbaɗa a ciki, irin wadda na saba zuba masa a tabarma. Mutum yana jinyar ajali, amma sai da ya sa aka nemo masa ita!

Inna ta kawo ruwa da man shanu in wanke. Na ce a bari tukuna. Hular tana kaina har yanzu. Ƙaiƙayin nan kaɗai nake ji a jikina, ba na so ya wuce.

Ka ci wannan, Tanko, ba ni da inda zan rama. Allah ya jiƙan ka.