Wa Ke Karɓarki a Gadi?

Zuwa ga Yaya Balki,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya maigida da yara, ya zaman Kwatano? Mu nan Bagudo lafiya lau, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi.

Faɗan da kika yi mini kan ramewa, wani ya ƙarasa miki shi. Cikin tsofaffin sojojin da nake dubawa a asibiti akwai Baba Kofur na Geza, wanda a da tunanin kashe kansa ya addaba. Yanzu Alhamdulillahi yana ta noman albasa. Ran nan ya zo, ya ƙura wa idanuna ido, ya ce, "Malama, wa ke karɓarki a gadi?"

Na ce ba kowa, wayata kullum a kunne take saboda su.

Wallahi Yaya, sai ya ɓata rai. Ya ce a bariki in ba a canji mai gadi ba, a tsaye barci ke sace shi, na ciki su halaka. "Mu ne na cikin, Malama."

Yanzu duk Asabar abokin aikina Malam Sani ke riƙe wayar, ni kuwa in tafi Bahindi wajen Inna. Ranar farko sai laluben jaka nake yi ina neman wayar. Daga baya na ci tuwon shinkafa da ɗanyen kifi, na miƙe ƙarƙashin mangwaro har la'asar.

Don haka ki daina cewa in bar aikin nan, na samu mai karɓata. Ki sa mu a addu'a, ni da su. A gaida Goggo da yara.

Ƙanwarki,
Hadiza