Jar Takarda da Ƙotar Hauya

Zuwa ga yayana Habu a Yamai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙani ga wansa, da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya, Allah ya ƙara buɗi da rufin asiri. Mu nan Yekuwa sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, gero ya shiga rumbu, gyaɗa ce ta rage a gona. Ka yi haƙuri da karkacewar rubutun, da hagu nake yi.

Ranar da ka kira ni a telefon fushi ya hana ka saurarena, shi ya sa na zauna in jera maka abin daki-daki. Siraran takardun nan masu launi da ka aiko wa ƴan kilas ɗina, yaran da nake koyarwa, su na fito da su a darasin aikin hannu. Kowane yaro ya zana abin da yake so a kwali, ya yayyaga takarda ƙanana, ya murza a tafin hannu, ya tsoma a ruwan ƙaro tunda ba mu da kol, ya liƙa. Ban san jar tana zuba in ta jiƙe ba. Har yau ina tambayar kaina me ya hana ni gwadawa a gida tukuna. Nazifa ƴar Lado zakara ta yi, hannunta ya rine, ga zafi a rumfar zanar da muke karatu, tana ta share gumi. Ja ya gangaro mata daga goshi har wuya, farin hijabinta ya ɓaci. Da aka tashi ta ruga da kuka don tsoron faɗan uwarta, ta bi ta gonar ubanta.

Lado bai tambaye ta komai ba. Ina goge allo ya faɗo kilas da ƙotar hauya yana ihun na fasa wa ƴarsa kai. Bugun farko ya same ni a kafaɗa. Na biyu na kare da hannun dama, na ji ƙashin ya karye kamar busasshen kara. Na uku ya tsaga mini kai, na faɗi kan kwalayen yara, jinina ya haɗu da jar takardar. Yaran da suka rage suka keta zana suna kururuwa. Da direkta, shugaban makarantarmu, bai rungume shi ta baya ba, da gawata za ka zo binnewa. Ina gidan likita ana ɗinke ni, Ƙasimu wan matata Barakatu ya tara samari da sanduna, suka tumɓuke dangar Lado, suka tattake ƙanensa Mamadu har haƙoransa suka zube, alhali bai ma san abin da ya faru ba. Wani ya ɗauko wuta zai cinna wa rumbu, sai da maigari ya tsaya a gabansa. Shi kuwa Lado, da uwar ta wanke fuskar yarinyar ba a ga ko ƙwarzane ba, kunyarsa ta koma kan ƴar. Ya zane ta da igiyar jaki, ya rantse da Allah ba za ta sake taka lakwal, makarantar boko, ba.

Ka ce kada in yafe, in bari jandarma su tafi da shi Magariya. Na juya maganar sosai, Yaya. In an kulle shi, yarinyar ce za ta biya, ita da ta fi kowa karatu a kilas. Na gaya wa maigari zan janye ƙara in Nazifa ta dawo, kuma hannun ubanta bai sake taɓa ta ba. Lado ya ce ya riga ya rantse. Liman ya ce masa rantsuwa tana da kaffara, ya buɗe rumbun da aka so ƙonewa ya ciyar da mabuƙata. Ya yi, fuska a murtuke. Ƙasimu ya daina gaishe ni, yana cewa matsoraci ne ni. Wataƙila da gaskiyarsa, ban sani ba.

Ranar Litinin Nazifa ta shigo, shatin igiya a damtsenta, ta zauna can baya. Na baza takardu, na ɓoye jar a aljihu. Ta ɗaga hannu ta ce, a hankali, zakaranta ba shi da zanko a ka, ina jar take. Na ciro na miƙa mata. Don haka in za ka sake aiko mana, ka haɗo da jar.

Inna tana sa maka albarka, Barakatu na gaisuwa. Ka gaida matarka Mariya, ka shafa mini kan Ammar da Ummul Khairi. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanenka,
Shafi'u