Inna ta kira sunan Yaya

Inna,

Na dawo daga asibiti ɗaukar kayan Yaya, na tarar kin tafi gidan Kawu neman mota. An riga an samu. Yanzu za a wuce da shi Katsina, ni zan bi shi.

Likita ya ce ba gyambon ciki ba ne kamar yadda Yaya ya nace. Jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta fara toshewa, shi ya sa ciwon ƙirjin yake sauka har hannun hagu, ga zufa. Ya ce da ya hau babur ɗin nan zuwa gonarsa ta Runka, da wuya ya kai.

Ina bakin madafa na ga komai. Duk mun yarda da ya ce zai sha jiƙon kanwa ya wuce gona. Tunda na yi wayo ban taɓa jin kin ambaci sunan ɗan farinki ba, ko kallonsa ba kya yi a gaban mutane. Yau kika zare makullin babur, kika ce, "Ubaidullahi, sauka." Da baki ba zan iya gaya miki ba, amma ban taɓa ganin jarumta irin wannan ba.

Kar ki biyo mu bayan la'asar, kin san halin hanya. Ki zo da safe tare da ƙanena Mansur.

Yaya yana magana. Ɗazu ya jawo hannuna ya ce, "Ashe Inna ta san sunana?" Wai ki zo ki sake faɗa, bai ji da kyau ba.

Jannatu