Jirgin Takin Baba a Bangon Falo

Haarlem, 9 ga Afrilu, 1782

Yayana Wopke,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da matarka Antje. Yaya tarin nan naka? Ni dai ƙafafu sun ƙi, daga gado sai kujera.

Tunda falo ya zama duniyata, na kira Barend mai zane ya cika min bangayensa da hoton karkara. Sai sun fara gwadawa a takarda an zaɓa, kafin su zana babban a ƙyallen da za a lulluɓe bangon da shi. Ya kawo min zanen duwatsun Italiya da makiyaya masu busa sarewa. Ni da ban taɓa ganin dutse ba! Na zaunar da shi na kwatanta masa ƙauyenmu Grou: ruwa, shanu, da jirgin Baba shaƙe da taki.

Da ɗana Reinier ya ga takardar, sai da fuskarsa ta yi ja. A falon za a yi walimar baikon 'yarsa Cornelia, kuma ashe ya gaya wa surukai kakansa attajirin jiragen ruwa ne. Wai a mayar da takin furanni. Na ce masa takin nan ne ya kai ni birni har na haife shi.

Ka tuna min, wane gefen filafilan jirgin, ƙyallen nan da iska ke turawa, Inna ta yi wa faci?

Ƙanwarka,
Tjitske

Haarlem, 20 ga Yuni, 1782

Yayana Wopke,

Ina gaishe ka, Allah ya ƙara sauƙi. Na gode, an sa facin a hagu.

Reinier ya yaga takardar a gabana. Barend ya tsorata, don abokan Reinier ne ke ba shi aiki. Na tambaye shi ko hannun nasa ma an yaga. Ya sake zanawa, na sa ya ƙara wa jirgin girma.

Sun mayar da walimar gidan ango, ba su kuma aiko a ɗauke ni ba. Ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka, don a cinyata Cornelia ta girma.

Jiya aka ɗaura ƙyallen bangon farko. Ga Baba can riƙe da gorar tuƙa jirgi, ya ɗan karkace kamar yadda ya saba. Reinier ya aiko cewa ranar da na mutu zai sa a shafe shi da farar ƙasa. Na ce a gaya masa ya nemi kujera ya zauna, don yanzu kwano biyu nake cinyewa.

A gaida Antje.

Ƙanwarka, 'yar mai taki,
Tjitske